Me Ke Kawo Aikin Yi a Karkara, Kuma Me Ya Sa Rabon Kekunan Ɗinki Bai Tsayar da Matasa Ba?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Da an gama girbi matasanmu sai su watse ci-rani, wasu Kano, wasu Abuja, wasu Legas. Sau biyu ana kawo mana shirin koyar da sana'a, aka raba kekunan ɗinki da injinan markaɗe, amma bayan shekara ɗaya babu abin da ya canja. Mene ne ainihin abin da ke samar da aiki a karkara a ƙasashe masu tasowa irin tamu, kuma ta ina ƙungiya kamar tamu za ta fara?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima da kuke yi wa garinku. Abin da ya faru da kekunan nan ya faru a wurare da yawa, kuma dalilin ɗaya ne: an ƙara yawan masu sana'a, ba a ƙara yawan masu biya ba. Ɗauki misalin gari mai gida 400. Yawancin ɗinkin shekara na ƙaramar salla ne da babba, sai na biki da suna. Teloli biyar ko shida sun ishe shi. Idan aka yaye talatin a rana ɗaya, ɗinkin yana nan yadda yake, sai dai a raba shi tsakanin mutum talatin da biyar, kowa ya samu abin da ba zai riƙe shi ba. Wanda ya gaji sai ya sayar da keken ya yi kuɗin mota. Saboda haka kafin a taɓa kowace sana'a, a fara tambaya: wa zai saya, daga ina kuɗinsa zai fito, kuma wata nawa a shekara zai riƙa saye?

Sannan a gane irin rashin aikin da ake fama da shi. A tsakiyar damina, lokacin noman farko da maimai, ba a samun mai zaman banza a ƙauye. 'Yan ƙwadago ma wahalar samu suke yi, kuɗin jinga ya tashi. Matsalar tana farawa ne bayan kaka. A mafi yawan ƙasar Hausa ruwan sama wata uku zuwa biyar yake yi, sauran wata bakwai zuwa tara ƙasa a bushe take. Ci-rani dabara ce ta mutanen da suka san wannan lissafi, kuma kuɗin da ake aikowa gida shi ke sayen taki da awaki a gidaje da yawa. Ba faɗa za ku yi da shi ba. Abin nema shi ne aikin da zai cike watannin nan, wanda ladansa zai kusanci abin da yaro ke samu a birni bayan an cire kuɗin mota da abinci da wurin kwana.

Tushen aikin karkara shi ne kuɗin da ke shigowa gari daga waje, kuma a mafi yawan ƙauyuka amfanin gona da dabbobi ne ke shigo da shi. Manomin da ya samu rarar buhu goma yakan sa a yi masa daɓen siminti, ya sayi kwano, ya gyara babur, ya yi wa iyali ɗinki, ya sayi nama ranar kasuwa. Magini da makaniki da tela da mahauci a nan suke samun nasu. Masana tattalin arzikin karkara sun auna wannan a ƙasashe da dama: duk naira ɗaya da ta ƙaru a hannun manoma tana janyo ƙarin kimanin kobo 30 zuwa 50 a sauran sana'o'in yankin a Afirka, a Asiya kuwa kobo 60 zuwa 80. Bambancin ya zo ne daga yawan jama'a a wuri ɗaya, da hanyoyi, da ban-ruwa. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: ya danganta da hannun wanda kuɗin ya shiga. Idan ƙananan manoma ɗari biyar ne suka samu ƙari, a kasuwar garin za su kashe shi. Idan attajiri ɗaya ne ya noma hekta dubu da tarakta, ribar birni za ta tafi, ta zama fili ko mota, garin ya tashi da ladan masu gadi da 'yan girbi kawai.

Ƙasar Sin ta bi wannan jerin. Daga 1978 aka fara bai wa kowane gida damar noma nasa ya sayar da rarar, amfanin gona ya tashi, kuɗi ya zauna a ƙauyuka. Masana'antun ƙauyuka da ƙananan garuruwa, masu yin bulo da kayan gona da tufafi, suna ɗauke da ma'aikata kusan miliyan 28 a 1978. A 1996 sun kai kimanin miliyan 135. Noman ne ya fara tashi, masana'antun suka biyo bayansa.

A wurinmu, abin da ya fi komai sauya lissafin watannin rani shi ne ruwa. Hekta ɗaya ta shinkafar dashe ko albasa ko tumatir, idan da hannu ake aikin, ba ta rasa cin yinin aiki ɗari, daga rainon iri da dashe da ban-ruwa da cire ciyawa har zuwa girbi. Ban da masu dako, da masu saƙa kwando, da direbobi, da mata masu sayar da abinci a bakin gona. Duk wanda ya san Kura da Bunkure da Garun Malam ya san abin da madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta yi wa yankin. A can mutane ke zuwa ci-rani daga wasu garuruwa. Amma babbar madatsa tana da nata kuɗin da wasu ke biya. Ruwan da aka tare a sama ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru ke rayuwa da ita, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, masunta da manoman fadama da makiyaya da yawa suka rasa abin yi. A madatsar Bakolori, kusa da Talatar Mafara, rikicin diyyar gonaki ya kai ga asarar rayukan manoma a 1980. Idan ana ƙirga ayyukan da wani shiri ya kawo, a ƙirga har da waɗanda ya kashe a gangare.

Abin da ƙungiya irin taku za ta iya shi ne ƙaramin ban-ruwa: rijiyar burtsatse marar zurfi a fadama da injin jan ruwa mai inci biyu ko uku. Irin wannan ne shirin Fadama ya yaɗa a Nijeriya tun farkon shekarun 1990. Bangaladash ma da shi ta tashi. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatinta ta cire takunkumin shigo da ƙananan injinan dizal, manoma suka saye su da kansu, shinkafar rani ta yawaita, injinan suka shiga kwale-kwale da casa, har garin Bogura ya zama cibiyar ƙera famfo da kayan gyara. Ga abubuwan da ke lalata irin wannan aiki, kuma kusan kullum su ne. Injin da ke zaune a saman ƙasa ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin kimanin mita bakwai. Mutane kan haƙa a watan Nuwamba, lokacin da ruwa ke kusa, sai ruwan ya ja ƙasa a Maris da Afrilu, daidai lokacin da shuka ta fi ƙishi. Don haka a auna zurfin ruwa a tsakiyar bazara kafin a kashe ko sisi. Na biyu, idan rijiyoyi suka yi kusa da juna suna janye wa juna ruwa. Na uku, gonar da ake ta ba ruwa babu magudanar fita, kanwa takan taso mata, bayan 'yan shekaru ƙasar ta ƙi shuka. Na huɗu kuɗin mai: tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000, manoman rani da yawa suka rage gona, wasu suka juya injinansu zuwa iskar gas ta girki. Famfo mai aiki da hasken rana yana da tsada a saye, amma ba ya shan mai. Ya fi dacewa a haɗa kuɗi mutum huɗu ko biyar masu gonaki maƙwabtan juna, a rubuta wa kowa ranarsa.

Samun ruwa bai isa ba idan kowa zai shuka abu ɗaya a mako ɗaya. Tumatir yakan cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris, kwando ya faɗi har ya kasa biyan kuɗin mota, sannan daga Mayu ya yi tsada babu shi. Wanda ya rarraba dashensa mako biyu-biyu, ya haɗa da albasa da tattasai da masara ɗanya, yana ba 'yan ƙwadagonsa aiki na tsawon lokaci, kuma faɗuwar farashi ɗaya ba ta kwashe shi.

Bayan ruwa sai sarrafa amfani, kuma a nan ne ayyuka mafi yawa suke ɓoye. Duk buhun da ya fita daga garinku ɗanye, ya fita da aikin wani. Bari in tsaya a kan shinkafa, don ita ce misali mafi kusa. Kilo 100 na shanshera yana ba da kilo 60 zuwa 65 na tsabar shinkafa, kimanin kilo 20 ɓuntu, sauran dusa da ɗan abin da ke zubewa. Kafin ta kai wannan matsayi sai ta bi ta hannun mai sheƙa, mai jiƙo da turarawa, mai shanya, mai injin casa, mai cire tsakuwa, mai ɗinkin buhu, mai dako. Ɓuntun makamashi ne na turara ta gaba, dusar kuma abincin kaji da kifi. Ingancin yana fitowa ne daga ƙananan abubuwa. A wanke shanshera a kwashe wadda ta taso saman ruwa. A jiƙa ta a ruwan zafi mai kimanin digiri 60 zuwa 70, ta kwana. A turara ta da tururi, wato a ɗora ta a kan rariya sama da ruwan, kada ta zauna cikin ruwa a gindin tukunya, domin ta ƙasa za ta dahu ta yi baƙi ta sama ba ta ji ba. A shanya a kan daɓe ko tamfol, a fara da rana a ƙarasa a inuwa, har danshinta ya sauko kimanin kashi 14 cikin ɗari. Wadda ta bushe da gaggawa a rana mai zafi tsagewa take yi daga ciki, ta kakkarye a inji; wadda ba ta bushe ba kuma tana yin wari a buhu. Tsohon inji mai ƙarfe yana karya ƙwaya fiye da mai robar murza. Shanya a gefen kwalta kuwa ita ke kawo tsakuwa, tsakuwa kuma ita ce ta sa matan birni suka daɗe suna gudun shinkafar gida. Injin cire tsakuwa ɗaya yana iya ɗaga farashin shinkafar gari gaba ɗaya.

Kafin a sayi inji a yi wannan lissafi a takarda. A ce ƙaramin inji yana casa kilo 400 a awa. Awa takwas tan uku ke nan da ɗan ɗori. Idan ana so ya yi aiki kwana 200 a shekara, yana buƙatar sama da tan 600 na shanshera. Idan hekta tana ba da tan uku, gonaki hekta 200 ke nan. Akwai su a kewayenku? Idan akwai, injina nawa ne suka riga ku? Injin da ke aiki wata biyu ya kwanta wata goma ba ya biyan kuɗin kansa, balle ya riƙe ma'aikaci. Ko manyan kamfanoni wannan lissafi yana kama su. Masana'antar tumatirin gwangwani ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 an gina ta ne don ta ci tan 1,200 na ɗanyen tumatir a kullum. A inda hekta ke ba da tan goma, wannan amfanin hekta 120 ne kowace rana. A shekarar kuma tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, farashin kasuwa ya haura abin da masana'anta ke iya biya, manoma suka kai kayansu kasuwa, injina suka tsaya. Tun daga lokacin ta sha buɗewa da rufewa. Masana'anta tana rayuwa ne a kan wadatar ɗanyen kaya mai araha, wadatar kuma daga yawan abin da hekta ke bayarwa take zuwa.

Ajiya ma sana'a ce, kuma jarinta bai kai na inji ba. Wake yana araha a kaka, ya yi tsada kafin damina. Abin da ke tsakani ƙwari ne. Buhun nan mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Sharaɗinsa wake ya bushe sosai, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba. Huda ɗaya ta ɓata aikin. Wannan ya fi zuba fiya-fiya, wanda ke cutar da masu ci, kuma ragowar irin wannan magani ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Albasa tana zama watanni a rudu idan an daina ba ta ruwa kafin cira, an bar wuyanta ya bushe, an ware masu rauni, iska na ratsa ta ta ƙasa. Manoman Galmi da Aliero sun san bambancin kuɗin albasar da aka sayar a bakin gona da wadda aka riƙe zuwa damina. Kauɗar tumatir da aka shanya a kan gado ko tamfol ta fi wadda aka baza a ƙasa tsada, saboda ba yashi.

Hanya tana da muhimmanci, amma a san abin da take yi. Tana rage kuɗin dako, tana kawo dillalai da yawa su yi gasa maimakon mutum ɗaya ya yanka farashi yadda ya so. Sai dai tana buɗewa ta fuska biyu: kayan birni masu araha suna shigowa su kashe wasu sana'o'in gida, matasa kuma su samu sauƙin fita. Indiya ta fara babban shirin hanyoyin ƙauyuka a 2000, kuma binciken da aka yi a kansa ya nuna cewa babban tasirinsa shi ne mutane sun bar gona sun tafi aikin lada a garuruwan kusa, ƙauyukan kansu ba su cika da sababbin sana'o'i ba. Wannan ba asara ba ce. Yawancin ayyukan da ba na gona ba a garin kasuwa suke taruwa, irin su Wudil ko Maigatari, inda ake da masu saye da wuta da masu gyara. Yaron da ke aiki a nisan kilomita goma sha biyar ya dawo gida ya kwana, ya noma gonarsa da damina, ya fi wanda ke kwana a kango a Legas. A aikace, sau da yawa kwalbati biyu ko uku a inda rafi ke yanke hanya a watan Agusta sun fi gaggawa a kan neman kwalta.

Wutar lantarki ma haka. Fitila da cajin waya suna gyara rayuwa, amma aiki yana zuwa ne daga wutar da ke juya motar inji: niƙa, walda, injin katako, firji, famfo. Ƙananan tashoshin hasken rana da ake kafawa a ƙauyuka sukan gaza a nan, domin an auna su a kan ƙwan fitila. Motar inji tana jan wuta ninki uku zuwa shida a lokacin tayarwa fiye da lokacin da take gudu, sai na'ura ta katse. Idan kamfani ya zo muku da maganar tasha, ku kawo masa jerin masu niƙa da walda tun kafin ya zana aikin, ku tambaye shi ko akwai layi mai fuska uku, wato irin wutar da manyan injina ke buƙata, ku nemi rangwamen farashi da rana, lokacin da wutar ta fi yawa kuma ba ta bi ta batir ba.

Sai jari. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe komai a kan inji da gini, a bar babu kuɗin juyawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: mai casa yana buƙatar kuɗin sayen shanshera a kaka lokacin da take araha, da na mai, da na bel da rariya idan sun lalace. Ƙananan basussuka irin na bankin Grameen, wanda Muhammad Yunus ya kafa a Bangaladash a 1983, sun taimaki mata masu ƙananan saye da sayarwa, amma gwaje-gwaje shida da aka yi a ƙasashe daban-daban aka wallafa a 2015 sun nuna tasirinsu matsakaici ne, ba su cika mayar da ƙaramar sana'a ta zama mai ɗaukar ma'aikata ba. Wani dalili shi ne biya mako-mako bai dace da wanda kuɗinsa sai bayan wata huɗu zai fito ba. Bashin noma dole lokacin biyansa ya bi lokacin girbi, kuma kayan su iso kafin shuka. Shirin bashin manoman shinkafa da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya faɗaɗa noma, amma a wurare da yawa taki da iri sun iso a makare, an cusa sunayen waɗanda ba manoma ba, mutane kuma suka ɗauke shi rabon gwamnati, biya ya yi rauni ƙwarai.

Akwai hanyoyi biyu da suka fito daga Nijar da suka fi dacewa da ƙarfin ƙungiya. Ɗaya ita ce Mata Masu Dubara, wadda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama. Adashi ne da aka yi wa tsari: mata 15 zuwa 30, zubi duk mako, akwati mai makullai a hannun mutane daban-daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ba mamba rance daga ciki, a raba a ƙarshen shekara. Ɗaya kuma jinginar hatsi: a kaka manoma su tara buhuna a ɗakin ajiya mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun mai ba da kuɗi, a ba su wani kaso na darajar hatsin su yi noman rani ko kiwo, bayan wata biyar ko shida su biya su karɓi kayansu lokacin da farashi ya tashi. Haɗarinta shi ne shekarar da farashi ya ƙi tashi, shi ya sa ba a ba da rancen da ya kai cikakkiyar darajar kayan. Tun da mutanenmu da yawa suna gudun kuɗin ruwa, a zauna da malaman gari tun farko a tsara abin a kan ciniki ko haɗin gwiwa a raba riba. In ba haka ba mutanen kirki za su ƙaurace masa.

Maganar fili a taƙaice: wanda ya karɓi gona haya ta shekara ɗaya ba zai haƙa rijiya ba, ba zai dasa mangwaro ba. Idan ana so matasa su shiga noman rani, dagaci da masu fadama su yarda da haya ta shekara uku zuwa biyar, a rubuce, da shaidu.

Duk abin da na lissafa yana tsaye ne a kan zaman lafiya da tsayayyar doka. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan bindiga suna sa wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi, kuma mai ɗan hali shi ne farkon wanda ake sacewa, don haka shi ne farkon mai ƙaura da jarinsa. Matakan tsaro ma suna da nasu ciwon. A Satumban 2021 an rufe kasuwannin mako-mako da layukan waya a Zamfara. A Diffa, dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana cinikin tattasai da kifi da hawa babur, waɗanda su ne abincin dubban gidaje. Rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya cika injinan casa da aiki, ya kuma durƙusar da garuruwan kan iyaka. Waɗannan ba a hannunku suke ba, amma suna koya muku kada ku gina sana'ar da ribarta gaba ɗaya ta rataya a kan doka ɗaya da za a iya sauyawa da sanarwa ɗaya.

Kada ku ƙirga maza kaɗai. Turara shinkafa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, fura, kiwon awaki da kaji, duk a cikin gida ake yin su, kuma sun fi kowace sana'a yawan hannu a ƙauye. Abin da ke taƙaita su shi ne kasuwar ba ta wuce inda tallan yarinya ya kai. Dubi yadda manoman Anand a jihar Gujarat ta Indiya suka yi da madara tun 1946, abin da ya zama ƙungiyar haɗin gwiwar madara ta Amul: kowace mace ta kawo lita biyu ko uku wurin tarawa safe da yamma, a auna maiƙonta a gabanta, a biya ta ba jinkiri, a sanyaya madarar cikin 'yan awanni, mota ta kwasa zuwa birni. Tarawa, awo na gaskiya, biya a kan lokaci. Haka za a iya yi da man gyaɗa ko shinkafar da mata suka turara: ma'auni ɗaya, inganci ɗaya, mai saye ɗaya babba da aka yi magana da shi tun kafin a fara.

Koyar da sana'a yana da wurinsa, amma bayan an ga giɓi. Idan garinku na da injinan ban-ruwa hamsin kuma sai an je birni gyara, to yaro biyu su je su zauna wurin ƙwararren makaniki wata shida zuwa shekara, su dawo da kayan aiki da 'yan kayan gyara. Haka mai haɗa faifan hasken rana, mai yi wa dabbobi allura, mai feshi da ya san awon magani. Horon mako biyu a ɗakin taro ba ya fitar da wanda za a ba amanar inji.

Ta inda za ku fara kuwa, ku ware ranakun kasuwa huɗu a jere. Ku sa matasa biyu a tasha da littafi su rubuta duk abin da ya fita daga gari, buhu nawa, ɗanye ko sarrafaffe, ina za shi. Da duk abin da ya shigo wanda za a iya yi a gida, kamar man girki, burodi, bulo, abincin kaji, ƙanƙara. Ku zana watanni goma sha biyu ku sa alama a inda hannu ke zaune. A Afrilu ku auna zurfin ruwa a fadamarku wuri uku ko huɗu. Daga nan ku zaɓi abu ɗaya tak, ku tura mutum biyu Dawanau ko babbar kasuwar da ta fi kusa da ku su tambayi masu saye irin ingancin da suke so, adadin da za su ɗauka, da yadda suke biya. Idan an zo sayen inji, kada ya zama na kowa da kowa, domin injin gari ba shi da mai zuba masa baƙin mai. Ku ba mutum ɗaya haya da yarjejeniya a rubuce, a ware wani kaso na kuɗin kowane mako a asusun gyara mai sa hannun mutum uku, a kuma sayi irin injin da ake samun kayan gyaransa a kasuwar da za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya.